Kafin Ka Tura Kuɗin, Ɗauko Tef

Maganar nan ta cikin gida ce, tsakaninmu mu da muke zama kan benci a bakin shagon tela bayan Isha'i. Namiji ba ya son a ji cewa ya tura kuɗinshi Kano ko Legas an aiko mashi da takalmin da ya ƙi ƙafarshi. Yakan haɗiye asarar shiru, ya miƙa wa ƙanenshi ya ce kyauta ce, ko ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Amma majalisa ba a ɓoye mata irin wannan, kuma tun da sayayya ta koma cikin waya labarin ya zama ruwan dare a Batsari da Safana da ƙauyukan da ke kewaye da su. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta hirar da muka yi a kai, don wanda bai samu zama ba shi ma ya amfana.

Ƙaraminmu ne ya taso da zancen, wanda muke ce wa Ango tun ranar da aka sa mashi rana. Ya ga wani baƙin sau-ciki a sitatus ɗin wani mai saida takalma a WhatsApp, ya shiga ranshi.

"Yaya," in ji shi, yana dubana, "wallahi tambaya ɗaya ya yi mani, wai lamba nawa nake sawa. Na ce 43, don tun da na girma ita nake sawa. Na tura kuɗi, ya ba direba, na je tasha na karɓa. Ƙafar ta shiga, amma yatsuna a tanƙware suke, ga baya yana cin diddige. Da na kira shi sai ya ce 43 ka ce, 43 na aiko, juya takalmin ka gani. Na juya, 43 ɗin ce kuwa."

Babu wanda ya yi dariya, domin kuɗin ba kaɗan ba ne, ga biki a gaba. Malam ne ya fara amsa mashi, wanda ke koyar da lissafi a wajen Safana.

"Ango, ba ka yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba. 43 ɗin ce ba guda ɗaya ba. Ka san tiyar da ake auna gero da ita a kasuwarmu ta Alhamis ba lallai ta zo daidai da kwanon wata kasuwa ba, kuma kowa a kasuwarshi gaskiya yake faɗa. To haka lambar takalmi take."

Daga nan ya warware mana abin dalla-dalla. Lambobin da muka saba da su, su 41, 42, 43, 44, lissafin Turai ne, kuma daga Faransa ya samo asali. Tsakanin lamba da mai bi mata kashi biyu cikin ukku ne kawai na santimita ɗaya, bai kai milimita 7 ba. Ingila kuma da nata lissafin, na inci: kowace lamba kashi ɗaya cikin ukku na inci ce, kusan milimita 8 da rabi. A can 8 ita ce kusan 42 tamu, 9 kuma kusan 43. Amurka ta ɗauki na Ingila ta ƙara mashi ɗaya a galibin kamfanoni, wato mai sa 9 ta Ingila 10 zai nema a takalmin Amurka. Don haka idan mai kaya ya rubuto maka "9" kawai, bai faɗa maka komai ba tukuna, sai ka tambaye shi 9 ta wace ƙasa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne kayan ƙasar Sin, kuma su ne suka fi yawa a kasuwa, ko ta AliExpress da Temu ne, ko ta hannun masu saro kaya su tallata a Facebook da TikTok. Su akwai lissafin da suka daɗe a kai: a auna tsawon ƙafa da santimita, a ninka biyu, a cire goma. Ƙafa mai santimita 26 ita ce 42, mai 26 da rabi ita ce 43. Malam ya sa wani yaro ya ciro kambas ɗinshi na Nike, ya ɗaga harshen takalmin ya haska da fitilar waya. Ga lambobi nan a jere, ta Amurka, ta Ingila, ta Turai, sannan ta santimita. A jadawalin Nike, 43 santimita 27 da rabi ce. Ka ga tsakanin 43 ɗin nan biyu akwai santimita ɗaya cif, wato fiye da lamba guda. Yatsun Ango a cikin wannan santimitar suka tanƙware.

Ni dai abin da na ɗauka daga nan shi ne lamba ɗaya ce ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wato tsawon ƙafarka a kan tef. Aunata kuma ba wuya. Ka samu farar takarda ka shimfiɗa a kan siminti, gefenta na taɓa bango. Ka tsaya a kai, diddige ya jingina da bangon, nauyinka duka a kan ƙafar. A zaune ba a awon ƙafa, domin sai ta ɗauki nauyi take bajewa. Wani ya riƙe biro a tsaye ya yi alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo, wanda ba kullum ne babban yatsa ba. A yi wa ƙafafun biyu, domin da yawanmu ɗaya ta ɗan fi ɗaya, sai a bi babbar. A yi bayan La'asar, lokacin da ƙafa ta sha yawo ta ɗan kumbura, kuma idan takalmin na safa ne a auna da safar. Sai ka ce wa mai kaya ya zaro shimfiɗar cikin takalmin, ya ɗora mata tef, ya ɗauko hoto ya turo. Ana so ta fi ƙafarka da kamar santimita ɗaya. Mai kayan da ya ce ba shi da lokacin wannan, to kai ma riƙe kuɗinka.

Alhaji, babbanmu a majalisar, wanda ya daɗe yana fatauci tsakanin Katsina da Kano, ya ce akwai saura.

"Ku yara tsawo kawai kuke dubawa. Faɗi fa? Mu mutanen nan da silifas da fade muka tashi, wani ma a gona ba takalmi. Ƙafarmu a buɗe take, gabanta faffaɗa. Takalmin nan mai tsini da kuke gani a hoto yana sheƙi, ba don irin ƙafarmu aka yanka shi ba."

Gaskiyarshi ce, kuma nan ne mutane ke yin gyaran da ke ƙara ɓarna. Takalmi ya matse mutum a gefe, sai ya sayi lamba ta gaba. Gefen ya ɗan saki, amma yanzu tsawon ya yi yawa, diddige na fita a kowane taku, gaban takalmin ya karye ya yi tamoji tun bai tsufa ba. Abin yi shi ne a zagaya tef a wurin da ƙafa ta fi faɗi, daga gindin babban yatsa zuwa gindin ƙarami, a tura wa mai kaya wannan awon shi ma. Manyan kamfanonin Ingila da Amurka suna sa harafi kusa da lamba don nuna faɗi: a Ingila F matsakaici ne, G mai faɗi, a Amurka D matsakaici ne na maza, EE mai faɗi. In babu harafi, ka zaɓi mai zagayayyen gaba ka bar mai tsini.

Kada kuma a yaudare ka da "zai buɗe in ka sa shi." Fata ta gaske takan saki kaɗan a faɗi, kuma mai gyaran takalmi zai iya taimaka mata. A tsawo ba ta ƙaruwa. Roba da aka yi wa fenti kamar fata kuwa ba ta buɗewa ko ta ina, sai dai ta tsage, kuma a zafin bazararmu ita ce ke dafa ƙafa ta fito da bororo. Ka nemi hoton cikin takalmin da na ɗinkin da ya haɗa sama da ƙasa, ba hoton talla da aka ɗauko daga intanet ba. Ra'ayina ma, wanda ƙafarshi ke da faɗi ya daina wahalar da kanshi da kayan waje. A Kano akwai masu yin takalmin fata da hannu, kuma da yawansu yanzu suna karɓar aiki ta waya. Ka zana ƙafarka a takarda, ka rubuta tsawo da zagaye, ka ɗauki hoto da tef a gefe ka tura. Takalmin da aka yanka don ƙafarka ya fi wanda aka yanka don ƙafar wani, komai sunan da ke jikinshi. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.

Duk wannan hirar Tela bai ce uffan ba, yana ta datse zare a wuyan wani kaftani. Sai da aka zo kan riguna ya ajiye almakashi.

"Bari in tambaye ku, don Allah. A cikinku wa ya san faɗin kafaɗarshi? Malam, kai mai lissafi, inci nawa ne ƙugunka?"

Malam ya ce, "Yana littafinka."

"To shi ke nan. Awonku duka yana littafina, ba ya kanku."

Wannan maganar ita ta fi tsaya mani a rai duk daren, domin ita ce tushen matsalar. Suturarmu mai haƙuri ce. Babbar riga ba ta tambayarka ko ka yi teɓa. Wando mai mazagi, in ka rame ka ja, in ka yi ƙiba ka saki. Kaftani kuwa tela ne ke zagaya ka da tef, ya rubuta, kai naka kawai ka ɗaga hannu. Mun girma ba mu taɓa buƙatar riƙe lambobin jikinmu ba. Yanzu ga mu muna ciniki da mutumin da bai taɓa ganinmu ba, wanda ba shi da abin da zai san mu da shi sai lamba, mu kuma ba mu da ita. Sai mu ce mashi "ni dai matsakaici ne," ko mu tura hotonmu na Sallar bara mu ce ya kimanta.

Tela ya lissafa abin da ya kamata kowa ya ajiye a wayarshi: tsawon riga, kafaɗa, hannu, ƙirji, ciki, wuya, bakin hannu, sannan ƙugu, tsawon wando, cinya da bakin ƙafa. Ya ce a rubuta a gefe cewa da inci aka auna, domin tef fuska biyu gare shi, kuma inci ɗaya santimita 2.54 ne. Duk wanda zai ba telan Kano ko Abuja ɗinki ta Instagram, wannan jerin zai tura. In ma da hali, ya naɗe kaftanin da ya fi zama mashi daidai ya ba direba ya kai, a yanka a kanshi. Ya ƙara da cewa awo yana tsufa. Wanda aka yi maka kafin aure ba lallai ya yi maka bayan shekara biyu ba.

Game da haruffan nan na M, L, XL, Tela ya ce shi bai ɗauke su awo ba sam. Kowane kamfani da nashi, kuma na ƙasashen Asiya sun fi ƙanƙanta, har XL ɗinsu kan zo kamar L ko M na Turai. Hanyar da ba ta ba da kunya ita ce ka ɗauko rigar da kake jin daɗinta, ka ɓalla maɓallanta, ka shimfiɗe a tabarma, ka auna daga hammata zuwa hammata, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, daga wuya zuwa ƙasa. Sai ka gwada da jadawalin da mai kaya ya sa. A nan akwai tarko guda. Wani jadawalin faɗin riga a shimfiɗe yake bayarwa, misali santimita 56, wani kuma zagaye yake bayarwa, 112, alhali riga ɗaya ce. Wani ma awon jikin mutum yake nufi, ba na rigar ba. Ka tambaya wanne ne. Rigar da zagayenta ya yi daidai da ƙirjinka cif ba za ka iya numfashi a ciki ba, sai ta fi shi da kamar inci huɗu.

Masu zuwa ofis da ɗalibanmu na jami'ar Dutsin-Ma su ne ke sayen shat da kwat, don haka aka taɓa su a gurguje. Shat mai kwala da awon wuya ake saninta: 16 a inci ita ce 41 a santimita. Kwat mai lamba 40 a Ingila ita ce 50 a Turai. Wandon da aka rubuta wa 34/32, na farko ƙugu ne, na biyu tsawon ƙafa ta ciki. Tela ya ce a kwat kafaɗa kawai za ka tsananta a kai. Hannu ya yi tsawo zai rage, ciki ya yi yawa zai kama, amma kafaɗa in ta zarce ko ta matse, gyaranta kusan sabon ɗinki ne.

An fi daɗewa a kan jallabiya, domin ita ce kowa ke oda in azumi ya gabato. Mutane na ganin 54, 56, 58, 60 a jikin irin na Saudiyya da Dubai, su Daffah da Al Aseel, sai su ɗauka girman jiki ne, mai ƙiba ya ce a ba shi 60. Alhali tsawo ne da inci, daga kafaɗa kusa da wuya zuwa bakin rigar. Faɗin jiki harafin da ke kusa da lambar ne ke nuna shi. Gajere mai jiki 54 zai nema da babban harafi, dogo siriri kuma 58 ko 60 da ƙaramin harafi. Ka tsaya a miƙe a sauke maka tef zuwa inda kake so ta tsaya, kuma da yawanmu ba mu so ta wuce idon sawu. In ka faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Tela zai iya naɗe inci guda, amma ba ya da inda zai samo wanda babu. Mai auduga kuma takan ɗan shige bayan wankin farko.

Hula fa, Alhaji ya ce, ita ce ba ta yafiya ko kaɗan. Kube ko zanna mai kyau, aikin hannu daga Maiduguri, kuɗi ne masu nauyi, kuma rabin inci ke raba hular da ta zauna da wadda ke sauka kan kunne ko ta bar maka zane a goshi. A zagaya tef ta goshi, sama da kunnuwa kaɗan, daidai inda kake ajiye hularka. Abin da ya fito, 22 ne ko 22 da rabi ko 23, shi za ka faɗa. Ka tuna kuma da yadda kake barin kanka, domin awon da aka yi da suma ba zai yi wa kan da aka yi wa ƙwal-kwabo ba. Masu wankin hula kan iya ɗan buɗa wadda ta matse kaɗan, amma wadda ta yi yawa sai dai a ba wani.

Ya kuma ja kunne a kan shadda, ko da yake ita ba ɗinkakka ba ce. A tambaya yadi ne ko mita, domin yadi inci 36 ne, bai kai mita ba: yadi goma mita tara ne da ɗan ɗori. Dogon mutum mai son babbar riga da 'yar ciki da wando, wannan ɗan bambancin kan sa tela ya rasa abin yin aljihu. Kuma kowa yanzu Getzner yake kira, alhali ta gaske daga garin Bludenz na ƙasar Ostiriya take fitowa, kwaikwayonta kuma ya cika Kantin Kwari har ya yi yawa. A nemi bidiyo a hasken rana, a ga bakin ƙyallen, domin kalar da fitilar shago da gilashin waya ke nunawa ba ita ce za ka gani a tsakar gida ba.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce, in bai yi ba ai sai a mayar. Mutumin Legas ko Abuja ne zai faɗi haka. Mu a nan, kayan manyan shaguna irin su Jumia da Konga galibi sai ka bi su Katsina. Na 'yan WhatsApp kuwa daga tasha zuwa tasha suke zuwa, ko wace mota da kuɗinta, mayarwa ma haka. Hanyoyinmu kuma kowa ya san halin rashin tsaron da suka shiga a shekarun nan, ba a hawansu don abin da bai zama dole ba. Mun ga lokacin da aka katse layukan waya a Batsari da Safana da wasu ƙananan hukumomi a watan Satumba na 2021, aka yi watanni ba a iya kiran kowa. Wanda ke zaune a irin wannan wuri, kuskuren lamba ɗaya ya fi mashi tsada fiye da ɗan birni, don haka shi ya fi kowa buƙatar ya auna tun farko.

Saboda haka a gama magana kafin kuɗi su fita. In bai yi ba za a canza? Cikin kwana nawa? Wa zai biya kuɗin mota? A rubuce ake so, ko a saƙon murya, kada a goge. Malam ya tuna mana cewa akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, da hukumar FCCPC da ke kula da ita, kuma ta ba mutum damar mayar da kayan da ba su dace da yadda aka siffanta su ba. Amma in kai ka ce 43 aka aiko maka 43, hujjarka ta yi rauni. In kuwa ka ce santimita 28 a ciki, ga hoton tef, aka aiko da 27, to gaskiya a hannunka take. Idan kaya sun iso, a gwada takalmi a kan darduma ko tabarma, kada ƙasanshi ya taɓa turɓaya, a bar takardar jikin riga da kwalin har sai an tabbatar.

Ango ya tambaya ko akwai abin da za a yi wa nashi. Tela ya karɓa ya matsa gabanshi da yatsa, ya lanƙwasa, ya ce roba ce, ba za ta saki ba, kuma kada ya kuskura ya yini da shi ranar ɗaurin aure yana tsaye yana gaisawa da jama'a. Alhaji ya ce ya kawo kwalin, zai tafi da shi Katsina ya nema mashi mai saye ko da da ragi ne, kuɗin a haɗa a yi odar wani da awo. A nan take aka shimfiɗa takarda a gindin bango aka auna ƙafar Ango.

Ina da roƙo ga matasanmu na Batsari da Safana da suka shiga wannan sana'a ta saro kaya su tallata a waya, domin su ma namu ne kuma muna so kasuwarsu ta ɗore. Ku sayi tef, ku riƙa ɗora shi a kan kowane takalmi da kowace riga kafin ku ɗauki hoto, ku rubuta santimita a ƙarƙashi, kuma ku daina tambayar mutum lamba nawa yake sawa, ku tambaye shi awonshi. Ku kuma masu niyyar sayen kayan Sallah ko na biki ta waya, ku je wurin telanku tun layi bai yi tsawo ba, ku roƙe shi ya buɗe littafin nan ya sabunta awonku, ku ɗauki hoton shafin ku ajiye a waya.